Masu wankin zinare sun ɓata mana gulbi, me doka ta ce?

Wani bawan Allah ne daga yankin Anka ya turo, ya ce masu haƙar zinare suna wanke niƙaƙƙen dutse a saman gulbinsu, ruwa ya koma ja, dabbobi na sha mata na ɗiba, albasar fadamarsa ma ta ƙi.

Malam, kafin a je maganar kotu don Allah ku kai yara asibiti a gwada jininsu. Ka san abin da gubar dalma da ke cikin dutsen zinare ta yi a 2010 a su Dareta da Bagega da Yargalma, yara sama da 400 suka rasu, kuma tafasa ruwa ba ya fitar da dalma. Takardar gwajin nan ita ce hujjarku ta farko.

A doka kuna da gaskiya. Dokar ma'adinai ta 2007 ta hana mai haƙa gurɓata ruwa, ta kuma ɗora masa biyan diyya in ya yi ɓarna. Amma fara bincika, suna da lasin ko babu? In kamfani ne mai lasin to ku rubuta koke zuwa ma'aikatar ma'adinai ta tarayya, ku ba NESREA (hukumar kare muhalli ta tarayya) da ma'aikatar muhalli ta jiha kwafi, a buga muku hatimi a naku ku adana, in an yi shiru sai babbar kotun tarayya da ke Gusau tunda harkar ma'adinai tata ce, ku nemi a dakatar da wankin a kuma biya ku. In babu lasin laifi ne kai tsaye, sai dai gaskiya diyya za ta yi wuya, wa za ka kama? Kuma da halin tsaron da ake ciki kar ka tunkare su kai kaɗai, bi ta wajen mai gari da hakimi.

Inda mutanenmu ke faɗuwa shi ne hujja. Alƙali ba ya aiki da "ruwa ya canza kala". A ɗebi ruwa a kwalba mai tsabta, ɗaya sama da wajen wankin ɗaya ƙasa da shi, kuma jami'in hukuma ya ɗeba da hannunsa, in ba haka ba lauyansu zai ce ku kuka zuba. Ku ɗau hoton gona da mushen dabba da kwanan wata.

Ku shigar da ƙara a ƙungiyance, in ba kuɗin lauya ku gwada Legal Aid, hukumar gwamnati mai ba marasa hali lauya kyauta. Sannan in sun kawo ɗan kuɗi da takarda, kar kowa ya dangwala sai lauya ya karanta.