Tambaya da Amsa: "Menew", Hawa a Bakin Bashkirawa

Tambaya: Malam, ina koyon Turkanci, sai na ci karo da kalmar Bashkir "menew", aka ce dangin "binmek" ce. To ta ina "b" ta zama "m"? Kuma hawan doki kaɗai take nufi?

Amsa: Lallai dangi ne. Ana jin Bashkir a Bashkortostan, kudancin tsaunukan Ural a Rasha, kuma da haruffan Rashanci ake rubuta shi, don haka za ka ga kalmar a matsayin менеү. Saiwarta "men-" ce, sauran ɗafi ne mai mayar da ita sunan aiki, kamar "hau" da "hawa".

Ma'anarta ta yi kusa da tamu ƙwarai. "Atqa menew" hawan doki, "tawğa menew" hawan dutse. Abin da za a hau yana ɗaukar ɗafin "zuwa ga": "-qa" bayan baƙi marar ziza (wato marar kaɗawar maƙogwaro) kamar "t", "-ğa" bayan mai ziza. In umarni za ka ba da sai ka ce "men", wanda ya riga ya hau kuma "mende". Kishiyarta "töşöw", sauka.

Tsohuwar saiwar "bin-" ce, tana nan a rubutun dutsen Kul Tigin, wani jarumin tsoffin Turkawa, na shekarar 732 a Mongoliya, inda ake faɗin dokin da jarumin ya hau kafin kowane hari. Hancin "n" da ke ƙarshe shi ya ja "b" ta koma "m", tunda duka biyun a leɓe ake furta su. Shi ya sa Kazak ke cewa "minu", Uzbek "minmoq", Turkiyya kuma ta riƙe "b".

Wasalin ya fi ban sha'awa. A Bashkir da Tatar tsohon "i" ya koma gajeren "e", tsohon "e" kuma ya koma "i". Duba da kyau: Baturke ya ce "ben" yana nufin ni, "bin" kuma hau. Ga Bashkir an yi musaya, "min" ni, "men" hau. Nan masu jin Turkanci ke yawan tuntuɓe. Akwai kuma "meñ", dubu, mai "n" ta can hanɗa irin ta ƙarshen "nan". In ka furta ta da "n" ta yau da kullum, ka ce hau.

Sai maganar mota. Mu da Turkawa hawanta muke yi, amma Bashkirawa zama suke yi a cikinta: "avtobusqa ultırıw". Ka bar "menew" ga doki, bishiya, dutse da tsani.