Kiɗa yana kakarewa a kwamfutata: in ƙara RAM ko in sayi wata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Gusau, ina haɗa kiɗa da manhajar FL Studio a wani ɗan ɗaki a gidanmu. Kwamfutata HP ce ta hannu, Core i7-7500U, RAM 8GB, da HDD mai cin 1TB. Da zarar na tara kayan kiɗa sun haura goma sai sautin ya fara yankewa yana ƙaras-ƙaras, fanka ta hau ihu. Idan mawaƙi ya zo ɗaukar murya kuma sai ya ce yana jin muryarsa tana makara a kunnensa. Na ɗan tara kuɗi. In ƙara RAM ne, ko in sayar da ita in sayi wata?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka haɗa cuta biyu a tambaya ɗaya, kuma ina kyautata zaton babu wadda RAM zai warkar a cikinsu. Kafin ka ɓarar da ko sisi, buɗe kiɗan da ya fi ba ka wahala, ka kunna shi, sannan ka danna Ctrl, Shift da Esc tare. Task Manager zai fito. Duba sashen Performance yayin da kiɗan ke tafiya. Idan RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai a lokacin, na tsaye a kashi 60 ko 70 cikin ɗari amma sauti na yankewa, to ba yunwar RAM ke damun ta ba, ko ka cika ta da 32GB haka za ta ci gaba da yi. Shi ma FL Studio yana da ma'aunin furosesa, wato ɓangaren da ke yi wa kwamfuta lissafi, a can sama. Idan ka ga yana dukan 90 daidai lokacin da ƙaras-ƙaras ɗin ke tashi, ka kama ɓarawonka.

Sunan i7 ya yaudari mutane da yawa a kasuwa. Wannan furosesan naka, i7-7500U, ƙwaƙwalwa biyu kacal gare shi a ciki. A 2017 Intel ta fitar da zubi na takwas, inda ta ninka adadin zuwa huɗu, shi ya sa i5-8250U, wanda mai shago zai ce maka ƙarami ne, yake barin naka a baya idan aka tara kayan kiɗa. Lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce ke faɗin zubi (daga zubi na goma kuwa lambobi biyun farko ne), harafin ƙarshe kuma yana faɗin hali: U mai tattalin batir ne, wat 15 yake ci, H kuwa yana kai wat 45, ya fi ƙarfi amma ya fi zafi da shan wuta. Abin takaicin shi ne furosesa a irin waɗannan kwamfutoci manne yake da allon ciki, ba a cire shi a sa wani. Duk wanda ya ce zai canza maka shi, riƙe kuɗinka.

Duk da haka ban ce ka kai ta kasuwa gobe ba. Ihun fankar nan da ka ambata shi ya fi jan hankalina. Furosesa idan ya doshi digiri 100 na zafi da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, kuma kwamfutar da ta sha ƙurar hunturu biyu ko uku, aka shigo da ita zafin Afrilu a ɗakin da aka toshe tagoginsa saboda sauti, ba ta da wata mafita sai ta ja ƙafa. Kai ta wurin mai gyara ya buɗe, ya kakkaɓe fanka da hanyar iska, ya goge tsohon man da ke kan furosesa ya shafa sabo. Na sha ganin kwamfutar da aka yanke wa ƙauna ta farfaɗo da wannan kaɗai. Ka daina ɗora ta kan katifa ko darduma. Ka kuma duba cajarka: wasu kwamfutocin idan suka ji cajar ba ta asali ba ce, ko ƙarfinta bai kai ba, sai su danne gudun furosesa ba tare da sun gaya maka ba. A cikin Windows ka mai da tsarin wuta zuwa mafi ƙarfi. A FL Studio ka kunna Smart disable, wanda ke kashe filogin da ba ya fitar da sauti a lokacin (filogin shi ne ƙaramar manhajar sauti da ake ƙarawa cikin FL Studio), kuma duk wani filogin mai nauyi irin Serum da ka gama da shi, ka mai da shi sauti ka kashe asalin.

Makarar murya kuwa wata magana ce daban, ta bafa ce. Kwamfuta tana tara sauti a ɗan kwano kafin ta miƙa wa kunne, wannan kwanon shi ne bafa. Idan kwanon 1024 ne a kan 44.1kHz, jiran ya kai kusan milisakan 23 a tafiya ɗaya, ga shiga ga fita, dole mawaƙi ya ji kamar wani na maimaita masa. A 256 jiran bai kai milisakan 6 ba, a 128 kuwa kusan 3. Sai dai duk ƙanƙantar kwano, furosesa ya fi wahala. Don haka ake rage bafa lokacin ɗaukar murya, a ɗaga ta zuwa 1024 lokacin miksin, inda makara ba ta cutar da kowa. Mutane da yawa suna barin ta wuri ɗaya shekara da shekaru suna zagin kwamfuta.

Maganin gaske shi ne sawun kad na waje, wato ɗan akwatin da ake jona makirufo da abin sauraro a jikinsa, mai direbansa (manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta) na ASIO, tsarin da kamfanin Steinberg na Jamus, masu Cubase, ya ƙirƙiro. Irin su Focusrite Scarlett suna da maɓallin da ke kai muryar mawaƙi kunnensa kai tsaye ba tare da ta bi ta cikin kwamfuta ba, ga kuma wutar 48V da makirufon kwandansa ke buƙata. Idan ba ka da shi tukuna, direban ASIO4ALL kyauta ne, zai rage maka zafi. Wani abu da ba ka tambaya ba amma zai same ka: idan ka ji gurnani a ƙarƙashin murya lokacin da ake kan janareta, zare cajar ka ɗauka da batir. In gurnanin ya ɗauke, daga wuta yake, ba daga makirufo ba. Wannan ne ya sa lafiyayyen batir a situdiyon ƙasar nan ba ado ba ne.

To ina za a sa kuɗin? Ni da nake ba ka shawara, ka sayi abin da zai bi ka zuwa kwamfuta ta gaba. Sawun kad shi ne na farko. Sai SSD, ma'aji mai sauri, a madadin HDD ɗin nan, wanda da kyar yake karanta 100MB a daƙiƙa, alhali SSD na SATA yana kai 500 da ɗoriya. Ba zai hana ƙaras-ƙaras na furosesa ba, kada in yi maka ƙarya, amma Windows da FL Studio da tarin sautukanka za su riƙa buɗewa nan take. Tsohon HDD ɗin ka saya masa gida ka riƙa adana kwafin ayyukanka a ciki. RAM shi ne na uku, kuma sai in gwajin farko ya nuna yana cika, wanda yakan faru ga masu amfani da filogin Kontakt da manyan tarin sautukansa. Ka duba da manhajar CPU-Z ko RAM ɗin naka nau'in DDR4 ne ko DDR3L, domin ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya.

Amma maganar gaskiya, wannan kwamfutar ta kusa ƙure tafiyarta. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance ba ta karɓar furosesa irin naka. Idan kuɗi suka taru, nemi zubi na takwas zuwa sama, RAM 16GB, daga cikin kwamfutocin ofis irin ThinkPad T480, EliteBook 840 G5 ko Latitude 5490, waɗanda ake kwance su da sukudireba a ƙara musu RAM. 'Yar Beljiyam ba abin kunya ba ce. Shi kansa FL Studio ɗin daga Beljiyam yake, kamfanin Image-Line ne ke yin sa. MacBook Air mai M1 na 2020 ba shi da fanka ko kaɗan, abin so ne ga mai ɗaukar murya a ɗaki ɗaya da kwamfuta, kuma FL Studio na aiki a Mac tun 2018. Sai dai RAM da ma'ajinsa a manne suke, in ka sayi mai 8GB da shi za ku rabu. Kwamfutocin wasan gem kuwa rabin kuɗinsu na katin hoto ne, wanda kiɗa bai damu da shi ba.

Ranar saye ka tafi da filashi ɗauke da FL Studio, da LatencyMon mai gwada ko kwamfuta za ta iya tafiyar da sauti ba yankewa, da kiɗan nan naka mafi nauyi. Ka bar su suna tafiya minti goma sha biyar a gaban mai shago, ka taɓa ƙasan kwamfutar ka ji zafinta, ka gwada kowane ramin USB. Sannan ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, zai nuna maka abin da batirin yake ɗauka yana sabo da abin da ya rage masa yanzu. In mai shago ya ce ba shi da lokacin wannan duka, shago na gaba yana nan.