Tambayoyinku: Wa Gwamnati Ke Tuntuɓa Kafin Ta Yi wa 'Yan Kasuwa Doka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan masarufi a Kasuwar Singa, Kano. Duk dokar da ta fito, ta haraji ce ko ta rajista, sai mu ji a rediyo wai an tuntuɓi masu ruwa da tsaki. Su wane ne? Mu dai ba wanda ya taɓa leƙo layinmu ya tambaye mu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba za su leƙo ba. Gwamnati da ƙungiyoyi take magana, kuma a rubuce. Idan an ce masu ruwa da tsaki a harkar kasuwanci, yawanci ana nufin NACCIMA, uwar cibiyoyin ciniki irin su KACCIMA ta Kano, da MAN ta masu masana'antu, sai NASME da NASSI masu wakiltar ƙananan sana'o'i. In ƙungiyar kasuwarku ba ta da rajista, ba ta da adireshi, ba ta jingina da ɗaya daga cikinsu ba, takardar gayyata ba ta da inda za ta same ku.

Sannan akwai lokaci. Ƙudiri a Majalisar Tarayya yana bin karatu na ɗaya, na biyu, sannan a miƙa shi ga kwamiti. A nan ake zaman jin ra'ayin jama'a, kuma nan ne ɗan kasuwa ke da baki. Da ya wuce karatu na uku, gyara ya yi wuya. Da shugaban ƙasa ya sa hannu, sai kotu ko sabon ƙudiri.

Dokokin haraji na 2025 sun isa misali. An kafa kwamitin gyaran haraji ƙarƙashin Taiwo Oyedele a 2023, ƙudirori huɗu suka isa majalisa a Oktoban 2024. A ƙarshen watan gwamnonin Arewa suka zauna a Kaduna suka ƙi tsarin rabon harajin VAT da aka kawo. Aka yi zaman jin ra'ayi a Fabrairun 2025, aka sa hannu ranar 26 ga Yuni. Me ya sauya a tsakani? An yi niyyar ƙara VAT daki-daki har ya kai kashi 15, aka bar shi a 7.5, kason da za a raba wa jihohi bisa inda aka sayi kaya ya sauko daga kashi 60 zuwa 30. Waɗanda suka yi magana ƙudirin na hannun majalisa ne suka sami wannan.

Inda abin ya fi ciwo shi ne umarnin hukumomi, domin shi ba ya bi ta majalisa. Sauya fasalin naira da aka sanar a Oktoban 2022 haka ya faɗo wa mutane, har Kotun Ƙoli a ranar 3 ga Maris 2023 ta ce ba a ba da isasshen wa'adi ba. Harajin tsaron intanet na kashi 0.5 da Babban Banki ya sanar a Mayun 2024 kuwa, sai da aka yi ca sannan aka dakatar da shi. A irin wannan, abin da ke aiki shi ne ƙungiya ta rubuta ƙorafi a makon farko, kafin ranar fara aiki ta zo.

Tambaya: Ni ce sakatariyar ƙungiyar mata masu sarrafa gyaɗa a garinmu. An gayyace mu zaman jin ra'ayi a majalisar jiha kan ƙudirin kuɗin shiga, an ce mu zo da takardar matsaya. Yaya ake rubuta ta?

Amsa: Hajiya, fara da neman kwafin ƙudirin daga magatakardan kwamitin. Kada ku rubuta komai bisa abin da kuka ji a bakin mutane. Ku nemi wanda ya iya karatun doka ya duba muku jadawalin da ke ƙarshe, domin a can ake jera kuɗaɗe da tara, kuma can ne mutane ba sa dubawa.

Takardar kada ta wuce shafi biyu ko uku. A sama: sunan ƙungiya, lambar rajista, yawan mambobi, sunan ƙudirin. Daga nan ku ɗauki sashe biyu ko uku da suka fi taɓa ku, kowanne da lambarsa. A ƙarƙashin kowane sashe ku faɗi abin da ya ce, abin da zai jawo muku a kuɗi, da kalmomin da kuke so a sa a madadinsa. Wannan na ƙarshen shi ne gishirin takardar. Kwamiti yana da ƙudiri a gabansa da biro a hannu. Wanda ya ce "a sashe kaza a cire duk wata, a sa duk shekara" ya ba su abin rubutawa, wanda ya ce "a tausaya wa talaka" kuwa sai a gyaɗa kai a kira na gaba.

Lissafin ku yi shi a kan mace ɗaya: nawa take sayen buhun gyaɗa, lita nawa na mai yake ba ta, nawa ƙuli-ƙuli ke kawowa, nawa ta riga ta biya na kasuwa da na ƙaramar hukuma. Ku haɗa da kwafin rasit. Ƙungiyoyi da yawa a nan suke faɗuwa, don mambobi suna biya ba sa karɓar rasit, ko kuma suna tsoron a ga cinikinsu. Ba dole ne a sa sunan kowa ba.

Ku miƙa kafin ranar da aka tsayar, ku sa a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku. Ran zama, mintoci kaɗan ake bai wa kowa, don haka mutum ɗaya ya yi magana, kuma kada gaisuwar manyan baƙi ta cinye rabin lokacin. Bayan zaman ku bibiyi rahoton kwamitin, a ciki za ku gane ko maganarku ta shiga.

Tambaya: Na nemi izinin wata hukumar tarayya don kayan da nake sarrafawa, watanni shiru, kuma kowane ma'aikaci da kuɗin da yake faɗa mini. Ina mafita?

Amsa: Malam, dokar sauƙaƙa kasuwanci da aka sa wa hannu a Fabrairun 2023 ta wajabta wa hukumomin tarayya su wallafa sharuɗɗa da kuɗi da wa'adin kowane aiki, a shafinsu na intanet da kuma ofisoshinsu. Ta kuma ce idan wa'adin ya cika ba a ce maka e ko a'a ba, ana ɗauka an amince. Sai dai kada ka fara kai kaya kasuwa da wannan kaɗai, musamman abin ci ko magani. Rubuta wa hukumar ka nemi takardar shaidarka, ka ambaci ranar da ka miƙa da lambar rasit. In shirun ya ci gaba, kai ƙara ga PEBEC, kwamitin fadar shugaban ƙasa mai kula da sauƙaƙa kasuwanci, ta manhajar ReportGov. Kana kuma iya neman jerin kuɗin a rubuce ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Kuɗi kuma a asusun gwamnati za ka biya, kada ka danƙa wa kowa a hannu.