Me ya sa jirgin masuntan Oregon yake lanƙwashe haka?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa jirgin katakon da masunta ke shiga a kogunan Oregon ta Amurka yake da faɗi, gaba da baya kuma sun ɗago sama, saɓanin kwale-kwalenmu mai tsawo da siranta. Ruwan da ake shiga da shi ne ya sa aka ƙera shi haka.

Kogin McKenzie da kogin Rogue, inda wannan jirgi ya samo asali, ruwa ne mai gudu a tsakanin duwatsu. Saboda haka gindin jirgin shafaffe ne, ba ya nitsewa sosai, ga shi lanƙwashe kamar baka daga gaba zuwa baya. Tsakiyarsa ce ta fi zama cikin ruwa, shi ya sa da an ja filafili ɗaya sai ya juya nan take ya kauce wa dutse. Gefunan kuma sun buɗe waje, suna tare igiyar ruwa.

Tuƙinsa ne ya fi burge ni. Matuƙi yana fuskantar inda ruwa ya nufa, yana jan filafilai biyu baya don rage gudu, mai ƙugiya kuma yana tsaye a gaba yana jifa a natse.

Da farko da allunan katako ake haɗa shi, daga baya maƙera irin su Tom Kaarhus da Woodie Hindman suka koma ga filawud, wato siraran fallayen katako da aka manne, nauyinsa ya ragu. Yau akwai na alminiyom, amma na katako ya fi shiru a ruwa.

Idan a Yawuri ko Tafkin Chadi za ka yi su, kwale-kwale ya fi maka. Wannan jirgi iska na tura shi a buɗaɗɗen ruwa, ba ya kuma son doguwar tafiya.