Amsa ga ɗalibin da ke neman batun bincike kan sarrafa na'urori

Ƙanena, ka ce kana Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, kana neman batun mastas a fannin sa na'ura ta daidaita kanta, kuma kayan gwaji sun yi ƙaranci.

Ni dai famfon rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana zan ba ka shawara. Gajimare ya gitta ko ƙura ta rufe farantin hasken rana, wuta ta ragu, ruwan tanki ya sauka. Ka fara rubuta lissafin tsarin, ka gwada shi a Scilab, manhajar lissafi ta kwamfuta, tunda kyauta ce, sannan ka ɗora PID, wato dabarar da ke auna kuskure tsakanin inda ruwan tanki yake da inda ake so ya kai, ta daidaita gudun famfo. Hanyar Ziegler da Nichols ta 1942 za ta ba ka lambobin farko na saita PID, amma sai ka gyara su da hannu, don takan sa tsarin ya yi ta lilo.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne tsayawa a kwamfuta. Can komai sumul. A fili kuwa injin yana da iyaka, ya kai ƙarshen ƙarfinsa ɓangaren tara kuskure na PID ya ci gaba da kumbura, tanki ya yi ambaliya. Zafin Afrilu ma yana rage ƙarfin faranti, ka auna shi.

Kai wa malaminka lissafin ya duba kafin ka sayi komai. Haɗa wayoyin faranti kuma, nemi ƙwararren mai gyaran lantarki, wutar nan tana kisa.