Sikana ta nuna P0352, koyil zan canza ko me?

Tambaya: Salam Malam, Corolla 2006 ce da ni, kwana uku kenan tana karkarwa in na tsaya a danja, kuma wutar cek injin na ƙyaftawa. Na sa ƴar sikanar nan ELM327 mai karanto matsalar mota na haɗa da wayata ta Bluetooth, manhajar Torque ta nuna kod biyu na matsala, P0302 da P0352. Bakanike ya ce koyil huɗun duka zan saya, rewaya kuma ya ce birenbos ne. Wa zan bi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam kar ka bi kowa tukuna, riƙe kuɗinka. Birenbos ɗin nan kwamfutar motar ce, ita ka karanto da waya.

P0302 na nufin silinda ta biyu ba ta ƙona mai daidai, wato missin. P0352 kuma cewa yake akwai matsala a layin wutar koyil na silinda ta biyun, layin fa aka ce, ba lallai koyil ɗin ba, don layin ya haɗa da soket da wayoyin da suka tafi har birenbos. Aikin koyil shi ne ya ɗauki bolt 12 na batir ya ɗaga shi zuwa dubban bolt da filogi zai yi tartsatsi da su, a Toyota irin taka waya huɗu ke shiga kowane koyil, ɗaya wuta, ɗaya as wato nagetib, ɗaya IGT da birenbos ke ba da umarni ta cikinta, ɗaya IGF da koyil ke maido rahoto cewa na buga. In rahoton nan bai dawo ba shi ne birenbos ke rubuta maka P0352, ko da koyil ɗin ƙalau yake waya ce kawai ta tsinke.

Gwajin ko sisi ba ya ci. Kashe mota, bari injin ya huce, cire murfin robar saman injin, za ka ga koyil huɗu a jere kowanne da noti ɗaya mai lamba goma. Ƙirga daga ɓangaren bel, na biyu shi ne namu. Musanya shi da na uku, goge kod ɗin a waya, ka ɗan zagaya unguwa. In ya koma P0353 to ciwon ya bi koyil, shi kaɗai za ka saya. In ya tsaya a P0352 koyil ba shi da laifi, sai a koma kan soket. Ƴar makullin soket ɗin nan zafi na busar da ita ta karye, sai ka ga ya zauna kamar ya shiga alhali rawa yake, wani lokaci kuma ɓera ne ya ci waya in motar na kwana kusa da buhunan hatsi. Kunna makulli ba tare da tayar da injin ba, sa mitar auna wuta a fil biyu na gefen soket ɗin, ya kamata ka ga kusan bolt 12. Sannan a tayar da mota a riƙa girgiza wayoyin da hannu, in injin ya canza murya an kama ɓarawo.

Da ka zaro koyil ɗin leƙa ramin da tocilan. In ka ga baƙin mai ya taru, gasket ɗin murfin injin ne ke yoyo, kuma zai kashe sabon da ka saya in ba a canza shi ba. Ruwan wankin injin ma haka yake yi. Filogin da bakinsa ya cinye ya buɗe shi ma yana wahalar da koyil, ka duba shi.

Birenbos shi ne na ƙarshe da ake zargi, sai rewaya ya auna wayoyin IGT da IGF daga soket har can ya ga duk suna tafiya. Kuma ka daina yawo da ita tana ƙyafta wutar nan, ɗanyen mai ne ke sauka salansa yana ƙona indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansar, shi kuwa kuɗinsa ya fi na koyil huɗun nesa ba kusa ba.