Ƙanena, a dakata da maganar sayar da filin

Assalamu alaikum ƙanena. Ina fatan kowa lafiya, ina kuma fatan sanyin bana bai tayar wa Baba da ciwon ƙafarsa ba.

Ga abin da na fahimta daga saƙonka. Ka gama Jami'ar Jos, ka yi hidimar ƙasa, yanzu shekara guda ke nan kana aikin kwantiragi a banki, kullum kana yawo tsakanin Terminus da Bukuru neman masu buɗe asusu. Wani ejan a Abuja ya samo maka gurbin MBA, wato digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci, a nan Ingila, babu jarrabawa, ba a tambayi shekarun aikinka ba, kafin alƙalami kawai ake jira. Baba ya ce in ta kama a sayar da filinsa na Rikkos. Kana tambayata ko karatun ya canza ni, ko kuma zai kai ka inda kake buri.

Ya canza ni ƙwarai. Amma wannan gurbin, a wannan lokacin, da kuɗin fili, ban goyi baya ba. Zan yi maka bayani dalla-dalla, don kada ka ce Yaya ya samu nasa yana yi maka baƙin ciki.

Abin da ke cikin littattafan, wato lissafin kuɗi da tallata haja da tafiyar da ma'aikata, ana koyar da shi a Zariya da Kano, kai ma ka taɓa rabinsa a digirinka. Tsadar da ake biya a nan ta mutanen da za ka zauna da su ce, da kamfanonin da ke zuwa makarantar neman ma'aikata. A ajinmu akwai wadda ta daɗe tana kula da sito na kamfanin magani a Indiya, akwai injiniyan jirgin ƙasa, akwai tsohon soja. Malami zai kawo labarin kamfanin da ya faɗa matsala, ya ce ku ne masu shi, yaya za ku yi, sai ya koma gefe ya harɗe hannu. Darasin daga bakin 'yan aji yake fitowa. Shi ya sa AMBA, ƙungiyar da ke tantance irin wannan digiri, take sharɗanta aƙalla shekara 3 na aiki kafin a ɗauki ɗalibi. To makarantar da ta karɓe ka ba ta tambaya ba, haka ta karɓi sauran. Za ka tarar da aji cike da samari irinka daga Legas da Lahore da Hyderabad, kowa bai taɓa riƙe ma'aikaci ko ɗaya ba, kowa aiki yake nema. Ba raina su nake ba, amma babu mai iya yi wa wani hanya a cikinsu. Ka duba ko makarantar tana da tambarin AMBA ko na takwarorinta masu tantance makarantun kasuwanci, AACSB ko EQUIS. In ba ta da ko ɗaya, ka tambayi ejan ɗin nawa makarantar take ba shi a kan kowane ɗalibi, domin akasarinsu la'ada suke karɓa.

Canjin da ka tambaya, na farko a bakina ya faru. Ka san yadda aka rene mu: ba ka kallon babba a ido, ba ka musu da malami, in ana magana kana yaro ka yi shiru. Tarbiyya ce mai kyau, ba zan canza ta da komai ba. Amma a wasu darussan ana ba da maki ne a kan magana a aji, kuma mai shiru ɗauka ake bai yi karatu ba. Sai da na koyi ce wa farfesa mai furfura ban yarda da lissafinsa ba, cikin ladabi, in kawo hujjata, in ga ya ji daɗi maimakon ya ɓata rai. Wanda ya fi wannan wuya shi ne faɗin abin da ka yi da bakinka. Mu an ce mana yabon kai jahilci, sai ga shi a gaban masu ɗaukar aiki dole ka ce ni na tsara, ni na jagoranta, ga abin da ya fito. In ka ce ai aikin kowa da kowa ne, Allah ne ya taimaka, za su yi murmushi su ɗauki na bayanka. Hanyar da na samu tsakanin biyun ita ce in bar siffanta kaina, in faɗi adadi: kaya kaza ne ke lalacewa da, bayan an bi shawarata suka koma kaza. Alhamdulillahi tana nan a zuci, adadin yana kan takarda.

Akwai kuma 'yan abubuwan yau da kullum. Yawancin sanin mutane bayan darasi a mashaya ake yinsa. Za ka iya zuwa ka sha lemo, ka gaisa, ka tashi da wuri, babu mai tsangwamarka, amma sai ka san kanka tun kafin ka shiga. A Disamba kuma magariba kan faɗi wajen ƙarfe 4, azahar da la'asar da magariba duk cikin lokacin darasi, sai ka iya tsara kanka. Wannan ba matsala ba ce ga ɗan Jos da ya tashi da maƙwabta iri-iri.

Canji na biyu shi ne wanda ya fi muhimmanci a wurina, kuma shi ya shafe ka. Na zo nan ina ganin rumfar Baba ta kasuwar kayan gwari ta Farin Gada ba abin faɗa a aji ba ce. Da muka shiga darasin safarar kaya daga mai nomawa zuwa mai ci, sai na lura duk abin da suke zanawa a allo na girma a cikinsa. Dankalin turawa ya taso daga Bokkos da Mangu, kabeji da karas da koren wake daga lambunan gefen gari, a loda wa motar Fatakwal ko Anaca ko Mile 12 ta Legas. Kwandon tumatirin da ka ƙi sayarwa da hantsi, da la'asar kai za ka roƙi mai saye. Baba zai ba mutumin da bai taɓa ganin gidansa ba kayan miliyoyi babu takarda, saboda dillalin da ya tsaya masa. 'Yan ajinmu Turawa sun yi ta tambayata yadda ake bin bashin da ba rasit, na ce musu wanda ya ci amana sau ɗaya, kafin motarsa ta isa Akwanga labarinsa ya zagaye kasuwa.

Abin da makarantar ta ƙara mini shi ne iya auna abin da Baba yake yi da ka. Kwana nawa kuɗinka ke yi a cikin kaya kafin a saya, kwana nawa yake yi a hannun masu bashi, kwana nawa manomi ke ɗaga maka ƙafa. Haɗa waɗannan ukun shi ke nuna dalilin da mutum zai yi ta ciniki, riba tana fitowa a lissafi, amma ranar sari aljihu babu komai. Sai raba kuɗin rumfa da kuɗin cefane, wanda ka san a gidanmu aljihu ɗaya ne. Sai tanadin ranar tsautsayi. Kai kana ƙarami lokacin gobarar babbar kasuwar Terminus a Fabrairun 2002, amma ka san dattawan da har yau ba su miƙe ba, alhali yanzu akwai inshorar takaful da malamai suka amince da ita. Sai babbar cutarmu: mai dukiya ya rasu, a raba gado, wannan ya ɗauki mota, wancan ya ɗauki rumfa, kasuwancin shekara 40 ya watse kafin a yi sadakar arba'in. Da an yi wa harkar rajistar kamfani a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, magada hannun jari za su gada, kowa gwargwadon abin da shari'a ta ba shi, kasuwa kuma tana ci gaba. Duk wannan ya shige ni ne saboda ina da inda zan ɗora shi. Wanda ya zo bai taɓa asarar ko buhu ɗaya ba, haddacewa zai yi ya ci jarrabawa ya manta.

Yanzu kuɗi. Ni sai da na yi shekaru ina aiki kafin in taho, makarantar ta yafe mini wani kaso, kuma lokacin fam bai kai naira 500 ba. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 lissafin ya sauya, a 2024 fam ya haura naira 2,000. A shekarar ce wata jami'a a arewa maso gabashin Ingila ta dakatar da ɗaliban Najeriya da suka kasa cika kuɗin makaranta, har aka ce wa wasu su bar ƙasar. Mutane ne da suka zo da kuɗinsu cif, naira ta narke a hannunsu. Bayan kuɗin makaranta akwai kuɗin biza, akwai harajin lafiya fam 776 a shekara, sannan sai ka nuna kuɗin zama na wata 9, fiye da fam 1,000 kowane wata, sun kwana 28 a asusu ba a taɓa su ba. Manyan makarantun da sunansu kaɗai ke buɗe ƙofa, irin London Business School, kuɗinsu ya wuce fam 100,000. Fili ɗaya a Rikkos ba zai je ko'ina ba. An ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada, to mu a wannan lissafin ba mu san inda take tsadar ba.

In ejan ya ce za ka yi aiki ka cike gibin, doka awa 20 a mako ta ba ɗalibi lokacin karatu, kuma ba a yarda ka yi sana'ar kanka ba. Aikin da ake samu shi ne ɗaukar kaya a sito ko kula da tsofaffi. Halal ne, na san mutanen kirki da ke yi, amma kuɗin haya da abinci yake biya. Mai kwana a tsaye a sito ba ya zuwa taron kamfanoni da rana, ga shi kuwa taron ne ya biya kuɗi dominsa. Maganar aurenka da Hajiya take ta yi, ka sani tun Janairun 2024 mai irin wannan digiri ba ya zuwa da iyali. Bizar zama bayan karatu da aka fara a 2021 shekara 2 ce, gwamnati kuma ta sanar za ta koma wata 18 daga Janairun 2027. Bayanta sai kamfani mai lasisi ya ɗauki nauyinka. Mafi ƙarancin albashin da ake nema ya tashi daga fam 26,200 zuwa 38,700 a Afrilun 2024, ya sake hawa 41,700 a 2025. Akwai rangwame ga sababbin masu digiri, amma na ɗan lokaci ne.

Ka rubuta cewa burinka ka zama babban mutum a harkar kasuwanci. Madalla, amma wace harka? Da za ka ce bankin Musulunci, sai in ce akwai fili: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, gwamnatin tarayya ta fara fitar da sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, na naira biliyan 100 a 2017, kuma INCEIF, jami'ar harkar kuɗi ta Musulunci a Malesiya, wadda babban bankin ƙasar ya kafa, ta fi wannan gurbin naka dacewa nesa ba kusa ba. Da za ka ce akanta, ga ƙungiyar akantoci ta ICAN, ga kwalejin takwararta ANAN nan Kwall a bayan gidanka. Da za ka ce ajiyar kayan gwari a ɗakin sanyi don kada su ruɓe tsakanin gona da mota, wannan kam da na tashi tsaye, domin Filato ce uwar dankalin turawa a Najeriya, kuma kai ɗan rumfa ne. MBA ba ya zaɓa wa mutum hanya. Wanda ya shigo ya san inda za shi, shi yake ƙara wa sauri.

Shawarata, ka riƙe aikin bankin nan ko da ba daɗi, ka ƙara shekara 2. A ciki ka roƙi Baba ya bar maka lissafin rumfa na shekara guda. Zai ce maka komai yana kansa, ka lallaɓa shi. Rubuta kowane buhu da ya shigo, wanda ya lalace, wanda aka ba da bashi da ranar da aka biya. In ka iya rage asara ko kaɗan, ka samu labarin da babu ɗan aji a duniya da zai kawo irinsa, kuma shi masu ba da tallafin karatu suke nema. Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, ana buɗe ta a watan Agusta, tana son awa 2,800 na aiki, wato kamar shekara 2, da alƙawarin komawa gida na shekara 2 bayan karatu. Tana ɗaukar nauyin digiri na biyu gaba ɗaya, sai dai a MBA tana da iyakar abin da take biya, ragowar naka ne. Akwai kuma tallafin Commonwealth. In ba su samu ba, ga makarantar kasuwanci ta Dangote a Jami'ar Bayero, ga MBA na ABU da ake yi daga nesa kana kan aikinka, ga Lagos Business School da ke da tambarin AACSB da AMBA, dukkansu da naira ake biya.

Kada ka tura wa ejan ko sisi tukuna. Ka ɗauki hoton takardar gurbin ka turo mini, da cikakken sunan kwas ɗin da sharuɗɗan mayar da kafin alƙalami in an hana biza. Ka haɗo da takardar CV ɗinka in gyara maka. Baba kuma ka bar ni da shi, zan kira shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ka gaida Hajiya da su Inna.